Pan Irek Da Kazik A Litinin Ɗin Ruwa

Ireneusz Kopyto, wanda kowa a garin Opole ke kira Pan Irek, wato Malam Irek, ya yi jana'izar 'yan gilasan sola dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha ɗaya kafin ya samu guda ɗaya da ya ƙi mutuwa. Shi ya haɗa su da hannunsa, shi ya raɗa musu suna, shi kuma ya kwashe gawarwakinsu ya zuba a kwalaben zuma ya jera a saman kabad. Kwalba sittin da uku ce. Wanda bai yarda ba ya je ya ƙirga, suna nan.

Aikinsa ferobskit ne. Wani gishiri ne baƙi wuluk da ake narkawa a shafa a kan gilashi mai faɗin farce biyu, shafi siriri wanda fatar albasa ma bargo ce a kansa. Rana na dukansa sai ya hau ba da lantarki, yana bayarwa har ya so ya kunyata manyan farantan da ke kan rufin gidaje. Aibinsa ɗaya ne, ba ya shiri da ruwa. Ba ruwan sama kaɗai ba, har tururin shayi, har numfashin mutum, har gumin ɗan yatsa. Danshi na taɓa shi sai baƙin nan ya koma rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai, lantarki ya ɗauke, a kira Pan Irek ya kawo kwalba.

Abin da duk masu wannan sana'a ke nema shi ne gilashin da zai wuni ya kwana a ƙarƙashin fitila mai zafin rana har awa dubu, a ciro shi a auna, a tarar bai zubar da fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ba. Wasu cibiyoyin sun samu. Cibiyarmu ba ta taɓa samu ba. Pan Irek ya ɗaura wa kansa cewa sai ya ga wannan abu da idonsa kafin ya ajiye aiki, ga shi kuma an sa masa ritaya ƙarshen Yuni.

Idan ana neman mutumin da aka halitta domin ferobskit, to shi ne. Tun a majami'a aka san halinsa. Ranar da aka kai shi baftisma, ɗigon farko na sauka a goshinsa ya tsala ihun da ya sa firist ya saki kofin. Da ya tasa, duk Litinin ɗin Ista, ranar da samari ke sheƙa wa 'yan mata ruwa, yara kuma su jiƙa duk wani abu mai motsi, shi a tanderun burodin kakarsa yake wuni, ya ja murfin ya rufe.

A irin wannan Litinin ɗin ya samu mata. Bogusia ta gudo wa samari bakwai da bokitai bakwai ta faɗa rumbun ciyawa, ta tarar da wani dogon yaro a cikin buhu, kansa kaɗai a waje. Ya zaro hannu ya miƙa mata busasshen hankici. Ta ce a ranta, yau ga mai tarbiyya. Sai bayan aure ta gane tsoro ne. Tun daga nan ba ta daina mita ba, domin a wajenmu macen da ba a jiƙa ba ranar nan, macen da ba a so ce.

"Ni kaɗai ce a garin nan mijina bai taɓa ɗiga mini ko cokali ɗaya ba," haka take faɗa duk shekara. "Matar maƙwabcinmu Marek har mura take yi. Mura, tsoho! Ka san irin son da ake wa mace kafin ta yi mura?"

Ya daɗe yana aiki a masana'antar busar da tuffa da naman kaza. Da aka rufe ta, ya ji cibiyar bincike na neman wanda ya iya hana abu jiƙewa. Ya je da yankan tuffa guda a aljihu, wanda ya busar tun kafin a haifi 'yarsa, ya ajiye a kan teburin Farfesa Sabina Dratwa, shugabar sashen. Ta ƙwanƙwasa tuffar da biro, ta ji ƙara kamar tangaran. Ta miƙa masa hannu, ta ji kamar ta kama jarida.

"Pan ba ya gumi?" ta tambaya, domin a wajenmu ba a ce wa babba kai ko ke, sai Pan ko Pani.

"Na taɓa yi, Pani Farfesa. Ban ji daɗinsa ba."

Aka ɗauke shi nan take.

Ya aske gashin baki saboda yana riƙe tururi. Ya daina shan miya a ranakun aiki. Ya kafa dokoki uku a ɗakin gwaji: mai mura ba ya shiga, mai laima ba ya shiga, ɗalibin da aka yi watsi da aikinsa kuma ya je matakala ya gama kukansa, ya bushe, sannan ya dawo. Yana aiki ne a wani akwatin gilashi mai hannayen roba biyu, wanda babu ko ɓurɓushin danshi a cikinsa, yakan zura hannu har kafaɗa ya wuni yana shafe-shafe. A bango akwai kalandar nan da ake yagar shafi ɗaya kullum. Da safe zai yaga, ya duba sunan waliyyin ranar, gilashin da ya fi kyau a ranar ya ci sunan. Bai taɓa leƙa shafin gobe ba. Ya ce wannan rashin kunya ne.

A farkon Maris Farfesa ta kawo sabon haɗi: wani shafi da ya fi siriri a ƙasa, ɗan barbaɗin wani gishiri a sama. Pan Irek ya haɗa gilashi ashirin da huɗu ranar waliyyi Kazimierz. Ashirin da uku suka yi rawaya tun kafin mako ya zagayo. Na ƙarshen ya tsaya baƙi, yana sheƙi, da aka auna shi ya mayar da kashi ashirin da uku cikin ɗari na hasken da ya sha zuwa lantarki. Aka raɗa masa Kazik, gajeren Kazimierz. Aka sa shi a ƙarƙashin fitila cikin busasshiyar iska, aka kunna agogo.

Awa ɗari, Kazik baƙi. Awa ɗari uku, wadda babu wani gilashin Pan Irek da ya taɓa tsallakewa, Kazik baƙi. A awa ɗari biyar mutane suka fara tafiya da sanɗa a baranda. Mai shara ta daina goge wannan ɓangaren da ruwa, ta koma hura ƙura da baki, Pan Irek ya hana ta wannan ma. Ya yi lissafi ya ga awa dubu za ta cika ranar Litinin da hantsi, ya ji daɗi, ya ce ranar aiki ce.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe Farfesa ta leƙo da jakar tafiya a hannu, za ta ƙauyen mahaifiyarta hutu.

"Pan Irek, yaushe ɗanmu zai fito?"

"Litinin, Pani Farfesa."

"Wace Litinin?"

"Mai zuwa."

Ta ajiye jakar. Ta je bango, ta ɗaga shafi huɗu na kalandar da yatsa, abin da ba a taɓa yi a ɗakin ba. Lambar ja ce. A ƙarƙashinta an zana wani yaro da bokiti.

Pan Irek ya nemi kujera.

"A bar shi a fitila sai Talata," ya ce.

"Ranar Litinin da rana masu gyara za su yanke wutar ginin nan, sun zaɓi hutu don kada su dami kowa."

"To a ciro shi a ajiye a akwati."

"Pan ya fi ni sanin munafuncin ferobskit. In ya huta a duhu sai ya murmure, ya nuna ƙarfin da ba nasa ba. Duk wanda ya karanta sai ya ce mun bar shi ya yi barci. Awa biyu, Pan Irek. Daga fitila zuwa ma'auni, awa biyu, in ya wuce haka mun yi aikin banza."

Ma'aunin da duniya ta yarda da shi kuwa ba a ginin yake ba. Yana ɗaya ginin cibiyar, ƙetaren kogin Odra, a hannun Dokta Remek Sowa. Tsakanin gine-ginen biyu akwai layin tsofaffin benaye, da dandalin kasuwa, da gada. Gwangwanin ƙarfen da ake ɗaukar gilashi a ciki an ba wata jami'a aro tun bara, ba ta dawo da shi ba.

Ya je gida ya samu Bogusia tana rina ƙwai da ɓawon albasa.

"Bogusia, ina son kwalba ɗaya. Irin ta kokwamba, mai zoben roba da maɗauri."

"Me za ka jiƙa?"

"Ba jiƙawa zan yi ba. Kazik zan sa."

"Kazik. Kullum Kazik. Jikanka ma ba ka san lambar takalminsa ba." Ta hau kujera ta sauko da kwalba, ta buɗe wani gwangwani cike da zobban roba. Ya miƙa hannu zai ɗauki ja sabo, ta buge hannun. "Sababbin na kokwambar Yuli ne. Ga wannan."

Zoben da ta ba shi ya tsufa har ya yi fari, kwalbar kuma tana ƙamshin tafarnuwa. Ya wanke ta, wato ya sa Bogusia ta wanke, ya gasa ta a tanda sau uku. Ƙamshin bai fita ba. Ya zuba ƙwayoyin shan danshi guda arba'in a gindinta, masu launin shuɗi, waɗanda in sun sha ruwa sai su koma ruwan hoda. Ya tare a ofis tun ranar Asabar da busasshen burodi da tsiran nama, don kada Litinin ta same shi a hanya.

Da agogo ya nuna dubu cif, Kazik na nan baƙi kamar ranar da aka haɗa shi. Pan Irek ya sa shi a kwalba ta cikin akwatin hannayen roba, ya danne maɗauri, ya cusa kwalbar a ƙarƙashin rigar sanyinsa, ya ɗaure da majanyin wuya, ya ɗora kwat, ya ɗora rigar ruwa. Ya kira tasi.

Tasin da ta zo ta Waldek ce, ƙanin Bogusia. Ya fito yana murmushi har kunne, a bayansa ga tankin feshin da yake fesa wa dankalinsa magani.

"Suruki! Da na ji adireshin a rediyon ofis na ce kowa ya tsaya, wannan nawa ne. Tun ranar aurenku nake jiranka."

"Waldek, ina ɗauke da kimiyya."

"Na gani, har ta fito. Wata nawa? Yaya Bogusia ta sani?"

"Ka ji tsoron Allah, ka buɗe mota."

"Zan buɗe. Bari in yi maka yayyafi kaɗan tukuna." Ya danna famfo.

Pan Irek bai taɓa gudu ba tun yana soja, amma ya gudu. Waldek ya bi shi har kwanar layi yana feshi yana ihu, kuma ihun ne ya ɓata komai.

"Kopyto ya fito! Jama'a, Kopyto yana waje!"

Ya kamata a fahimci abu ɗaya. A Opole akwai mutanen da suka jiƙa magajin gari, akwai waɗanda suka jiƙa 'yan sanda, akwai tsohuwar da ta taɓa jiƙa bishop ta ce ba ta gane shi ba. Amma babu mahaluƙin da ya taɓa jiƙa Kopyto. Tagogi suka fara buɗewa daga farkon layi zuwa ƙarshensa.

Bokitin farko daga hawa na biyu ya sauko, na Pani Jadwiga, ƙawar Bogusia.

"Wannan na Bogusia ne, Pan Irek!" ta ƙwala masa. "Ta ce in na gan ka kada in tausaya!"

"Pani, don girman Allah, ferobskit ne!"

"To Allah ya ba shi lafiya!" Ta juya ta karɓi na biyu daga hannun mijinta.

Ya dunƙule kamar bushiya, hannu biyu a ciki, ya bar bayansa ga jama'a. A layin kaɗai, ban da biyun Pani Jadwiga, ya sha bokiti tara, tukunyar miya biyu, butar shayar da fure ɗaya, da wani abu mai ɗumi daga hawa na huɗu wanda har yau yake fatan ruwan wanka ne. Hular rigar ruwan ta cika ta zube masa a wuya. Ya ji ruwa na bin ƙashin bayansa, yana zagayowa ta haƙarƙari, yana neman kwalba.

A ƙarƙashin wata ƙofar soro ya tsaya ya ɗaga riga ya leƙa. Kazik baƙi. Amma cikin ƙwayoyi arba'in, shida sun koma ruwan hoda. Zoben Bogusia yana yoyo.

A dandalin kasuwa an taso daga majami'a. Ya yi tunanin masu kwat da takalmin fita ba za su taɓa shi ba. Ya manta cewa mutanen nan suna zuwa ibada ranar da kwalaben turare cike da ruwa a aljihu. Wani dattijo mai sanda ya tare shi da ladabi, ya cire hula.

"Pan ne Kopyto na masana'antar tuffa?"

"Ni ne. Ina sauri."

"Ni ne mai gadin ƙofa a lokacin. Pan ya ba ni izini?"

"Ban ba da ba."

"Na gode." Ya fesa masa sau biyu a kunne, ya mayar da hularsa.

Yara kamar ashirin da bindigogin roba suka kewaye shi a bakin famfon dandali. Ya ce musu abin da ke cikinsa zai ba jikokinsu wuta kyauta. Wata yarinya mai kitso biyu ta ce to ya fito da shi su gani. Ya ce in ya fito zai mutu. Ta ce to ƙarya ne, suka buɗe masa wuta. Da ya kuɓuta ya sake leƙawa a bayan motar mai sayar da furanni. Ƙwayoyi goma sha tara sun koma ruwan hoda. A gefen Kazik na hagu kuma akwai wani abu da ya yi kama da rawaya, ko kuma hasken furannin ne, bai tsaya tantancewa ba.

Saura gada. A kan gadar kuwa, kamar kowace shekara, 'yan kwana-kwanan sa kai sun faka motarsu suna zuƙo ruwa daga Odra. Shugabansu, wani ƙato mai jar fuska, ya ɗaga hannu ya tsayar da mesa. Labari ya riga Pan Irek isowa.

"Pan Kopyto, mun ji Pan yana ɗauke da abu mai daraja."

"Ƙwarai. Awa dubu ya yi yana shan wahala. In ruwa ya taɓa shi, shi ke nan."

Ƙaton ya dubi mutanensa, ya sosa ƙeya. "To ai mu ba azzalumai ba ne. Pan ya ajiye abin a nan gefe, mu jiƙa Pan shi kaɗai, ya ɗauka ya wuce."

Pan Irek ya dubi gefen gadar. Ruwa na gudu a kai har idon sawu. Ya dubi agogon majami'a. Ya dubi ginin Dokta Remek a ƙetare, tagar hawa na ɗaya a buɗe.

"Ba zan ajiye shi ba," ya ce. "Ku yi ta baya. Ku auna tsakiyar kafaɗa, kuma ku yi wajen can."

Waɗanda suka gani sun ce ƙafarsa ba ta taɓa gadar ba sai sau uku. Mesa ta ɗauke shi tun daga wannan bakin ta dire shi a wancan, a zaune, hannu biyu a ciki, takalmi ɗaya ya bi kogi. Mutanen da ke gaɓa suka tafa.

Dokta Remek ya buɗe ƙofa da yankan kek a hannu. Ya dubi abin da ke tsaye a gabansa yana tsiyaya.

"Yesu da Maryamu. Pan Irek, dokar Pan ce ta ce mai laima ba ya shiga."

"Karɓi kwalbar, Dokta. Ni zan tsaya a matakala."

Ƙwayoyi talatin da takwas sun koma ruwan hoda. Cikin kwalbar ya yi ɗan hazo, ga ɗumin cikin mutum. Remek ya shige da ita. Pan Irek ya zauna a matakalar da yake tura ɗalibai, ruwa na gangara daga jikinsa hawa-hawa. Ya yi lissafi: kashi tara cikin goma na ashirin da uku, ashirin ne da ɗigo bakwai. Ya ce in Kazik ya ba da ashirin ma zai yafe masa. Sannan ya tuna saman kabad ya cika, sai an matsa kafin kwalba ta sittin da huɗu ta samu wuri.

Remek ya leƙo. Kek ɗin na hannunsa har yanzu, ya manta da shi.

"Nawa Pan ya ce ya bayar a farko?"

"Ashirin da uku."

"Ashirin da uku da ɗigo huɗu."

"A'a, ashirin da uku cif. Ni na rubuta."

"Yanzu nake nufi. Ashirin da uku da ɗigo huɗu. Na auna sau biyar. Na kashe injin na kunna. Na auna gilashin gwajin injin, lafiyarsa lau. Pan Irek, yaron nan ƙiba ya yi a hanya. Kuma me ya sa yake warin tafarnuwa?"

Suka kira Farfesa a waya. Ana jin ihun yara da ƙarar bokiti a bayanta. Ta sa Remek ya maimaita lambar sau biyu, sannan ta ce a ba ta Pan Irek.

"Me Pan ya yi masa?"

"Ba ni ba ne, Pani Farfesa. Gari ne."

"An san danshi ɗan kaɗan yakan ɗinke tsagar da ke cikin gishirin, in an dace. Amma nawa ne kaɗan ɗin? Pan ya auna?"

"Bokiti goma sha ɗaya, tukunya biyu, buta ɗaya, tankin dankali, yara ashirin, da motar kwana-kwana."

"Ba zan iya rubuta wannan a mujalla ba."

"Amma ya yi awa dubun."

"Ya yi. Ni na sani, Pan ya sani, Remek ya sani. Sauran duniya sai mun maimaita."

Suka maimaita. A watan Mayu aka haɗa sababbi da haɗin Kazik, aka sa a kwalba, aka ɗaura wa Pan Irek a ciki, ɗalibai suka jeru a baranda da bokiti goma sha ɗaya. Gilashin ya yi rawaya tun a na huɗu. Aka ce ƙila tsayin benen ne, aka je layin Pani Jadwiga ranar wata Talata, ta zuba daga hawa na biyu, amma ta ce ita hannunta ba ya sakewa in ba ranar ba ce. Gilashin ya mutu. Aka gayyato Waldek da tankinsa, ya zo da murna, wannan gilashin ma ya mutu. Sai Remek ya ce a kawo ainihin kwalbar da ainihin zoben. Pan Irek ya je gida.

"Wane zobe?" in ji Bogusia. "Farin nan? Na yar. Yoyo yake yi, tsoho, ba ka lura ba?"

Farfesa ta zaunar da kowa ta ce a ilmance abu ɗaya ne ya rage: a yi komai yadda aka yi, a ranar da aka yi, ta hanyar da aka bi. Wannan rana kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara. Pan Irek ya tashi ya je ofishin ma'aikata ya ce a janye ritayarsa. Suka ce ba a yin haka. Ya tsaya a gaban teburin, busasshe, har suka yi.

Yanzu Ista uku ke nan yana fita. Tun makonni shida kafin ranar yake kunna fitila, ya lissafa awa dubu ta faɗa daidai hantsin Litinin ɗin Ruwa, kuma ya koyi leƙa kalanda. Yana bin gidajen tsofaffi yana roƙon tsofaffin zobban roba, yana da ɗari da goma sha biyu, ya jera su daga mai ɗan fari zuwa mai fari fat. Matsalar ita ce gari ya canza masa. Mutumin da ke tsayawa a tsakiyar layi ya buɗe baya yana kiran a zuba, babu daɗin jiƙawa. Yara na ganinsa su kauce. An yi wa Pani Jadwiga aikin ƙugu, ta koma ƙaramin bokiti, sai ya sa ta zuba sau uku, ta ce shi ba ya da godiya. 'Yan kwana-kwana sun ce sai ya kawo izini daga likita. A shekarar farko ya samu kashi sha tara, a ta biyu gilashin ya mutu a dandali, a bana ashirin da ɗaya da ɗigo ɗaya. Ya ce ana hawa.

Kazik kuwa Farfesa ta bar masa, tunda ba shi da amfani ga mujalla. Yana ɗakin ajiyar Bogusia a cikin kwalbarsa, da sabon zobe ja, tsakanin kokwamba da jan kabeji. Har yanzu baƙi ne. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gaishe shi, a riƙe numfashi.

A safiyar Litinin ɗin bana, kafin ya wuce cibiya, Bogusia na tsaye tana yanka burodi sai ta ji wani abu mai sanyi a tsakiyar kanta. Ta juyo. Pan Irek ne a bayanta da bututun awon ɗakin gwaji a hannu, fuskarsa ta yi ja.

"Mene ne wannan?"

"Ruwa ne. Cokalin shayi ɗaya, na auna."

Ta taɓa kanta, ta dubi yatsunta. Ta ajiye wuƙar.

"Tun ina budurwa nake jira, sai yau, kuma cokali ɗaya?"

"In an dace, kaɗan ɗin ne ke gyarawa."

"Tsaya nan," ta ce. "Kada ka motsa."

Ya ji ta buɗe famfon banɗaki, ya ji ƙarar babban bokitin wanki yana cika. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya juya baya, ya ɗaga murya.

"Bogusia, in kin gama ki gaya mini lita nawa ne."